Kifin da ya koma lungu: yadda cin zali ke samun gindin zama a tankin diskas

Wanda ya yi watanni yana kiwon diskas, wani kifin ado da ake ajiyewa a tankin gilashi, ya san wani abu da kan faru a lokacin cin abinci. Ana zuba abinci a saman ruwa, kifaye biyar su taso tare suna wawaso, na shida kuwa ya maƙale a bayan bututun tace ruwa, jikinsa ya yi duhu kamar an goga masa gawayi, fikafikansa a manne da jiki. Idan yunwa ta ci ƙarfinsa ya lallaɓo ya nufi wani guntu da ya nutse ƙasa, sai babban cikinsu ya juyo. Sau da yawa ko taɓa shi ba ya yi. Ya isa ya karkata jiki, ya baza fikafikai, ya matso kamar tsawon ɗan yatsa, sai na shidan ya bar abin da ya nufa ya koma inda ya fito. Hakan na maimaituwa safe da yamma, kuma bayan makonni kaɗan goshin kifin nan zai fara lotsawa, ya rame, girmansa ya tsaya.

Abin da mai kiwo kan fara faɗa shi ne an sayar masa da mugun kifi, sai ya ɗauko koma ya cire shi. Kwana biyu ko uku tanki ya yi tsit, daga nan kuma wanda ke biye da shi a ƙarfi ya hau kujerar, ya ci gaba da korar wancan na lungun kamar ba a yi komai ba. A ganina kuskuren yana cikin tambayar da aka fara da ita. Ana tambayar wane kifi ne azzalumi, alhali abin da ya kamata a tambaya shi ne me ya hana wanda aka fi ƙarfi samun wurin gudu da rabon abinci. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan sha'ani mafi yawan tsamin daga hannun wanda ya shirya tankin yake fitowa.

Diskas, wanda masana ke kira Symphysodon, ɗan kogin Amazon ne da rassansa a ƙasashen Brazil da Peru da Kolombiya. Sunan ya samo asali daga siffarsa, domin jikinsa zagaye ne kuma shafal kamar faifai, babba yakan kai santimita 15 ko ya ɗan ɗara. Johann Jakob Heckel, masanin kifaye da ya yi aiki a birnin Biyana, shi ya fara bayyana nau'i na farko a 1840, sai Jacques Pellegrin na Faransa ya bayyana na biyu a 1904. Kyawunsa da nutsuwarsa a cikin ruwa kan sa a manta da danginsa. Diskas ɗan gidan sikilid ne, wato ɗan uwan karfasa na nesa, kuma duk wanda ya taɓa ganin namijin karfasa ya share gurbi a ƙasan ruwa yana korar duk abin da ya gifta, ya ga tushen halin da ake magana a kai. Kifaye ne masu gane juna, masu tuna wanda ya kayar da su, masu kare wurin da za su yi ƙwai.

A mahaifarsa wannan hali ba ya kai ga halaka, saboda yadda kogin yake. A wajen birnin Manaus ruwa na hawa da sauka kimanin mita 10 a kowace shekara. Binciken da William Crampton ya wallafa a 2008, wanda ya yi a yankin Tefé na Brazil, ya nuna cewa idan ruwa ya janye diskas kan taru da yawa a cikin rassan bishiyoyin da suka faɗa ruwa, idan kogi ya cika ya malale daji kuma sai su watsu. A cikin irin wannan sarƙaƙiya ta rassa, cikin ruwan da a wasu wurare yake da duhu kamar shayi, kifin da aka kora zai kewaya bayan reshe ɗaya ya ɓace wa mai korarsa, ya shige cikin gomman 'yan uwansa. Faɗan ya ƙare ke nan, domin a wurin kifi barin wuri shi ne miƙa wuya.

Yanzu a ɗauki kifin nan a saka shi cikin akwatin gilashi mai tsawon santimita 120, ruwa garau, fitila a sama. An kore shi, ya gudu, ya ci karo da gilashi, ya juyo. Ga wanda ya kore shi, wannan juyowar tamkar raini ce: an ce ka tafi, ga ka nan har yanzu. Sai ya sake kora. Kifin da aka fi ƙarfi ya yi duk abin da jininsa ya koya masa na neman a ƙyale shi, amma abu ɗaya da zai kashe wutar, wato ɓacewa daga gani, shi ne gilashi ya hana. Nan ne nake ganin asalin matsalar take, kuma duk wani magani da bai taɓa wannan wurin ba, kwantar da ƙura kawai yake yi.

Wannan ba ya nufin kowace kora cin zali ce. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan aka haɗa diskas sababbi, dole su yi kwanaki, wani lokaci mako ɗaya ko biyu, suna gwada juna. Za a ga biyu sun jeru gefe da gefe suna kaɗa wutsiya, kowanne na tura wa ɗaya ruwa don ya ji nauyinsa. Za a ga tunkuri a haƙarƙari. Idan ƙarfi ya zo ɗaya har baki da baki sukan kama suna turereniya. Da zarar kowa ya san matsayinsa sai abin ya ragu ya koma nuni da gargaɗi. Tsarin da ya zauna daidai yana rage faɗa ne, domin ƙarami ya san wanda zai kauce wa tun kafin a taɓa shi. Abin dubawa shi ne halin wanda ke can ƙasa: yana cin abinci, yana fitowa tsakiyar ruwa, launinsa na dawowa bayan an kore shi? Idan amsar e ce, mai kiwo ya bar su. Idan kuwa ya wuni a kusurwa guda yana fuskantar bango, fikafikansa sun yayyage, numfashinsa na sauri, abin ya wuce gwajin ƙarfi.

Jikin diskas kansa yana magana. Na asali yana da ratsi 9 a tsaye daga ido zuwa gindin wutsiya, waɗanda kan dushe idan hankalinsa kwance yake, su fito baƙi ƙirin cikin daƙiƙoƙi idan ya tsorata ko aka danne shi. Sai dai yawancin diskas ɗin da ke kasuwa yau a gonakin kifi na Malesiya da Tailan da Jamus da makamantansu aka ƙyanƙyashe su, kuma an daɗe ana zaɓen launi har wasu nau'o'in suka rasa ratsin gaba ɗaya. Nau'in da ake kira Pigeon Blood, wanda ya fito daga Tailan a farkon shekarun 1990, ba ya nuna ratsi, sai dai baƙaƙen ɗige-ɗige kamar barbaɗin masoro a fuska da wutsiya. Mai irin waɗannan ya rasa alama mafi sauƙin karantawa, don haka dole ya dogara da inda kifin yake tsayawa da abin da yake ci.

Batun cewa zalunci a nan kujera ce da kowa kan iya hawa yana da madogara a bincike. Tun a farkon shekarun 1920 Thorleif Schjelderup-Ebbe na ƙasar Norwe ya bayyana yadda kaji ke jera kansu, wannan ta sari waccan, waccan ta sari ta ƙasa da ita, abin da duk mai kiwon kaji a gida ya sani da ido. A 2002 Ivan Chase da abokan aikinsa a Amurka suka gwada wani abu da kifayen sikilid na Afirka: sun haɗa su huɗu-huɗu har kowane rukuni ya tsayar da jerinsa, suka raba su na makonni biyu domin su manta da juna, sannan suka sake haɗa waɗannan kifayen dai. A mafi yawan rukunonin jerin da ya fito karo na biyu ya bambanta da na farko. Girma da ƙarfi suna da tasiri, amma wanda ya ci karawar farko, da wanda ya ga an kayar da wani, su ma suna da nasu. A 2007 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford, a ɗakin binciken Russell Fernald, suka nuna cewa wani sikilid na tafkin Tanganyika na iya gane wanda ya fi wani ƙarfi ta hanyar kallon faɗa kawai, ba tare da shi ya shiga ba. Wannan ya yi daidai da abin da masu diskas ke gani, cewa da zarar an kayar da kifi ɗaya a gaban sauran, har waɗanda ba su kai shi girma ba sukan fara gwada sa'arsu a kansa.

Daga nan ake fahimtar shawarar da tsofaffin masu kiwo suka fi nanatawa, cewa kada a ajiye diskas ƙasa da shida. Idan biyu ne, ɗaya ne mai kora, ɗaya ne abin kora, kuma duk fushin ranar a kan kai ɗaya zai sauka. Uku ya fi muni a lokuta da yawa, domin biyu kan haɗa kai su bar na ukun ba shi da kowa. Idan sun kai shida ko takwas, babban ba zai iya tsare kowa a lokaci guda ba. Yana bin wannan, wancan ya ci abincinsa, kuma abin da kowane ɗaya ke sha ya zama kaɗan. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Amma diskas kifi ne mai tsada, shi ya sa mutum kan ce bari ya fara da biyu ya ga kamun ludayinsu, kuma wannan tsimin shi ne mafarin asarar. Wanda kuɗinsa bai kai na shida ba, ya fi masa ya jira.

Sai dai yawa ma yana da nasa haraji. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kimanin lita 40 na ruwa ga kowane babban diskas, wato shida na buƙatar lita 250 ko abin da ya yi kusa. Wanda ya cusa shida a lita 100 ya rage kora amma ya ƙara ƙazanta, kuma diskas ba ya jure gurɓataccen ruwa. Akwai kuma wani bincike da ya kamata ya sa mu rage yarda da lissafin lita kaɗai. A 2011 Ronald Oldfield na Jami'ar Case Western Reserve ya duba faɗa tsakanin ƙananan sikilid na Midas, waɗanda asalinsu daga Amurka ta Tsakiya ne. Ya gano cewa ɗan ƙarin girman tanki ko ɗan ƙarin adadin kifi, a iyakar abin da ake samu a gidaje, bai rage faɗan ba. Inda aka ga raguwa sosai shi ne a wani babban tanki na fiye da lita 1,000 mai cike da maɓoya da abubuwan da ke kare gani. Midas ya fi diskas zafin kai nesa ba kusa ba, amma abin da aka gano ya koma kan maganar farko, cewa abin da kifi ke nema shi ne inda zai fita daga idon mai korarsa.

A nan ne sha'anin adon tanki ke da sarƙaƙiya, kuma na ga mutane da yawa sun ruɗe a kai. Masu ƙyanƙyasa kan reni diskas a tanki fayau, babu yashi babu itace, saboda suna ba su abinci mai nauyi irin su niƙaƙƙiyar zuciyar saniya, suna kuma canza ruwa kullum. Hakan na yi musu aiki domin kifayensu suna da yawa, kuma babu wani abu a ciki da za a ce na wane ne. Mai kiwo a gida sai ya kwaikwayi rabin tsarin: kifi uku ko huɗu, tanki fayau, sannan ya kafa kututture ɗaya a tsakiya don kyau. Wannan kututturen ya zama kadara guda ɗaya tilo a cikin tankin, mai ƙarfi ya mallake ta, daga gindinta kuma yana hango kowane lungu. Abin da ya fi shi ne itatuwa masu rassa da dogayen tsirrai a wurare biyu ko uku, a jera su ta yadda kifin da ke wannan gefen ba zai ga na wancan gefen ba, a kuma bar hanyar wucewa ta baya domin kada maɓoya ta zama tarko.

Abinci shi ne inda cutarwar ke zama ta dindindin. Idan kullum a kusurwa ɗaya ake zubawa, babban zai koyi tsayawa a nan. Zubawa a gefe biyu masu nisa a lokaci guda abu ne mai sauƙi, amma sau da yawa shi kaɗai kan ceci na ƙasa, domin mai tsaro ba zai raba kansa biyu ba. Abin ya fi tsanani ga ƙanana masu tasowa, waɗanda ke buƙatar ci sau uku zuwa biyar a rana. Wanda aka hana ci a watannin farko yakan tsumbure, jikinsa ya tsaya amma idonsa ya ci gaba da girma, har a gan shi da manyan idanu a kan ƙaramin jiki mai tsawo maimakon zagaye, kuma wannan ba ya gyaruwa daga baya. Tazarar da ta fara da ɗan kaɗan sai ta riƙa ciyar da kanta, babba na ci yana ƙara girma, ƙarami na yunwa yana ƙara zama abin kora. Shi ya sa sayen kifaye masu girma ɗaya tun farko ya fi sayen launuka masu burgewa muhimmanci.

Akwai wani nau'in faɗan da ba shi da alaƙa da matsayi, kuma shi ya fi ba mutane mamaki, domin yakan ɓarke a tankin da ya shekara lafiya. Idan diskas suka balaga, wajen shekara guda ko sama da haka, namiji da mace kan ware. Za a gan su suna tsayawa kusa da juna, suna karkaɗa jiki, suna goge wani wuri a tsaye da baki, ko jikin itace ko bututu ko gilashin kansa. Daga ranar da suka zaɓi wurin, sauran kifayen sun zama barazana, sai a wayi gari an tattara su a kashi ɗaya cikin uku na tankin. Ƙwai kan ƙyanƙyashe cikin kwana uku ko ƙasa da haka, kuma bayan wasu kwanaki 'ya'yan kan taso su manne wa jikin iyayen suna cin yauƙin da fatarsu ke fitarwa. Jonathan Buckley da abokan aikinsa na Jami'ar Plymouth a Ingila, tare da masu bincike a Manaus, sun wallafa a 2010 cewa uwa da uba na karɓa-karɓa wajen wannan ciyarwa, kuma a mako na uku sukan fara kauce wa 'ya'yan kamar masu yaye. Kifin da ke ɗauke da irin wannan nauyi ba za a kira shi azzalumi ba don ya kori maƙwabci. Iyayen ma kan yi duhu a wannan lokaci, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ciwo ne. Maganin a nan ɗaya ne, a ba su tankinsu daban ko a raba tankin da shinge mai huda, domin sake jera itace ba zai sauya musu niyya ba.

Tsakanin cin zali da ciwo kuwa hanya ce mai zuwa da dawowa. Kifin da ke cikin firgici dare da rana jikinsa na yawan fitar da sinadarin kotizol, wanda idan ya daɗe yakan raunana garkuwar jiki. Ƙwayoyin cuta irin su Spironucleus, waɗanda kan zauna a hanjin kifi ba tare da sun yi illa ba, sai su samu dama su yawaita, a fara ganin farin kashi mai kama da zare, kifin ya ɗauki abinci ya tofar. A ɗaya gefen kuma, kifin da ciwo ya fara kamawa shi sauran kan fara kai wa hari tun kafin mai kiwo ya lura da komai. Saboda haka idan wanda a da yake tsakiyar jeri ya faɗo ƙasa kwatsam, a fara duba ruwa: zafinsa ya tsaya tsakanin digiri 28 da 30, amoniya da naitirait, wato sinadarai masu guba da ke taruwa a ruwa daga ƙazantar kifi, su zama babu ko kaɗan. Na fi jin takaicin wanda ke zuba magani iri-iri a tankin gaba ɗaya alhali bai gwada ruwan ba, domin yana ƙara wa mai rauni wahala, yana kuma iya kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin matatar.

Shigo da baƙo ma yana da ƙa'idarsa. A killace shi mako huɗu zuwa shida a wani tankin, don kare na gida daga cuta, don kuma shi kansa ya murmure daga wahalar tafiya kafin ya fuskanci gwaji. Idan da hali a shigo da biyu ko uku tare, masu girman na gida, bayan an ciyar da kowa, a kashe fitila, a kuma sauya wa itatuwa wuri a ranar domin masu gida su ma su zama baƙi na ɗan lokaci.

Cire mai ƙarfi na kwanaki a mayar da shi yakan yi aiki wani lokaci, kuma gwajin Chase ya nuna dalili, tunda sabon haɗuwa na iya haifar da sabon jeri. Amma a tankin kifi uku ko huɗu da babu maɓoya, sunan mai korar ne kawai zai sauya. Na fi karkata ga a fara da wanda ake zalunta. A sa shinge mai huda a ware masa gefe guda a cikin tankin, inda ruwa ɗaya ke ratsawa kuma yana ganin 'yan uwansa, domin diskas da aka keɓe shi kaɗai yakan ƙara ƙin abinci. A ciyar da shi har goshinsa ya ciko, a yi amfani da lokacin wajen gyara abin da ya jawo matsalar, ko adadi ne, ko girman tanki, ko wurin zuba abinci, sannan a ɗage shingen da dare.

Kafin a yanke ko wane hukunci, akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. Diskas na gane mai ba su abinci, kuma da ya matso gilashi sukan bar abin da suke yi su taho gaba, don haka abin da ake gani daga kusa ba shi ne zamansu na yau da kullum ba. A zuba abinci, a ja baya kamar taku biyar, a zauna shiru minti goma, a ɗauke ido daga babban a ɗora shi a kan na ƙarshe, a ƙirga loma nawa ya haɗiye. A yi haka kwana uku a jere. Idan yana samun rabonsa ko da a gefe ne, a bar tankin yadda yake. Idan kwana ukun suka cika bai haɗiyi komai ba, a sa shingen a daren nan.